Tabarmin da Nino ta shimfiɗa

Malam Zaza,

Gaisuwa mai yawa, ko da yake na san ba za ka karanta ba. Raina ne a ɓace, kuma kai na saba kawo wa ƙara.

Ka tuna ranar da ka shigo shagona a ginin kasuwar Tianxiu a nan ƙasar Sin, Bature da kwat, ka tambaye ni kuɗin jaka da Hausar da ta fi ta 'ya'yana? Ka ce a jami'a ka koye ta, ka yi shekaru kana koyar da ita a ƙasarku Jojiya, kafin a mai da kai ma'aikacin jakadanci a turo ka Sin. Na sha gaya maka alli ya fi dacewa da kai. Ga shi yaƙi ya ɓarke a ƙasarku ana tsakiyar wasannin Olamfik, ka dinga zarya kana neman mai saurarenka, har zuciyarka ta tsaya.

Ina Kano labarin ya same ni. Da na dawo na wuce unguwar Panyu wajen matarka Nino. Ashe ka gaya mata Bahaushe ba ya barin mai makoki shi kaɗai, zuwa yake ya zauna ko bai ce komai ba. Baiwar Allah ta ture kujeru, ta sayo tabarmi, ta dafa shayi, har amsar gaisuwar ta haddace. Kwana uku tana zaune. Ko mutum ɗaya cikin Hausawanmu 'yan kasuwar nan bai leƙo ba.

Wallahi na ji kunya. Wai ana kamen masu bizar da ta ƙare, fita haɗari ce. To garin Shiling da suke zuwa sarin jaka kullum, ta sama suke bi? Wani ma cewa ya yi ai ba Musulmi ba ne kai. Lokacin da kake kashe ranar hutunka a asibiti kana yi masa tafinta, bai tambayi addininka ba. Sai da na bi su shago shago na zazzage musu, suka sunkuyar da kai kamar yaran da aka kama da satar nama.

Jibi Nino za ta tafi gida. Ta naɗe tabarmin ta ba ni, ta tambaye ni ko dai a littafi kawai ka karanta wannan al'ada. Kai da ka san Hausa, me zan ce mata?

Sai wata rana, Malam.

Abokinka,
Sabo mai jaka