Balkisa Ta Tafi Lakwal Ita Kaɗai

Assalamu alaikum, 'yata Ramatu. Ina gajiya, ina karatu, yaya sanyin Japan? Da fatan ke da maigidanki kuna lafiya. Mu nan Damagaram lafiya lau, sai kewarki.

Kin daɗe kina roƙona in bar ɗiyarki Balkisa ta riƙa yi wa kanta abubuwa, kamar yaran can da kika ce suna zuwa makaranta ba rakiya. Na ƙi, don 'yar shekara shida a idona jaririya ce. Amma na koya mata wanke kwanonta da tsallaka titi.

Ran Litinin ta saɓa jakarta ta makaranta ta ce, "Kaka, yau ni kaɗai zan tafi lakwal."

Na amince, amma na ja mayafi na bi ta daga nesa. A bakin titi ta tsaya, ta duba dama da hagu, ta bari 'yan kabu-kabu suka wuce da baburansu, sannan ta tsallaka. Da ta kai ƙofar lakwal sai ta waiwayo ta ce, "Na gan ki tun daga gida. Ki gaya wa Mama na iya."

Ramatu, takunta irin naki ne sak. A nan na tsaya ina share hawaye, don ke ya kamata ki gani, ba ni ba.

Ki sa mu a addu'a, ki gaishe da maigidanki. Kawunki na Garagumsa yana gaisuwa. Balkisa kullum tana tambayata yaushe za ki dawo. Ki rubuto mini abin da zan ce mata.

Mahaifiyarki.