Sunniva Ta Juyo da Jirgi

Zuwa ga maigidana Halvard,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka na jirgin ruwa. Yaya gwiwar? Kana shafa maganin, ko yana nan a ƙasan jaka? Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

'Yarka Sunniva ba ta samu shaidar tuƙin jirgin sama ba. Kada ka ce ta faɗi, don ba faɗuwa ta yi ba. Sun tashi ita da mai jarrabawar, wani Brekke, komai yana tafiya daidai, sai ta hango hazo yana tasowa daga teku. Ta ce masa ta dakatar, za ta koma filin jirgi. Ya ce hazon ba zai iso ba. Ta juyo duk da haka. Hazon kuwa bai iso ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Na zauna na karanta ƙa'idar tasu kaf. Idan ɗalibi ya katse jarrabawa, hukunci yana hannun mai jarrabawa. In ya gamsu da dalilin, wata rana a ƙarasa abin da ya rage. In bai gamsu ba, a sake daga farko. Brekke bai gamsu ba. Na tsufa ina koyar da tarihi, ban taɓa karanta labarin sarkin da ya samu iko irin wannan a kan kujera mai faɗin tire ba.

Ka san kamfanin nan mai kai fasinja tsibirai ya yi mata alkawarin aiki in ta kawo shaidar kafin sabuwar shekara. Ga yini kullum sai gajarta yake yi, nan gaba kaɗan rana za ta daina fitowa gaba ɗaya kamar yadda take yi mana nan arewa mai nisa duk lokacin sanyi, kuma ba a yin jarrabawar a duhu. Na so in kai ƙara, ta hana ni. Yayarka Oddny ta zo shan gahawa, wai yarinyar matsoraciya ce, gara ta nemi aikin ofis. Na tuna mata cewa ita ko mota ba ta iya juyawa a ƙofar gidanta sai ta kwashe shingen maƙwabci. Ta bar gahawar rabi.

Ka kula da kanka.

Matarka,
Gunvor

Maigida Halvard,

Bayan gaisuwa da fatan teku ta lafa muku. Na ga saƙonka, na ji daɗi gwiwar ta yi sauƙi.

An sake jarrabawar ranar Talata, da Brekken dai. Da safe na soya mata ƙwai, ta kasa ci. A bakin ƙofa na ce mata wannan karon ta daure ta ƙarasa ko me ta gani, tunda hasken ya kusa ƙarewa. Ta dube ni kawai ta ɗaure takalminta.

Na bi ta filin, na zauna a mota. Sun daɗe a sama, har na fara murna. Sai ga jirgin ya dawo tun lokaci bai yi ba. Saura sashe ɗaya, Halvard, na bin hanya zuwa wani fili, ta ga girgije ya sauko kan mashigin duwatsu, ta sake juyowa. Ta san aikin kamfanin take yarwa.

Wannan karon Brekke ya ce ya gamsu, sashen nan kaɗai za ta ƙarasa. Kada ka zaci na yafe masa. Amma yanzu rana ta tafi, ba za ta sake fitowa ba sai ƙarshen Janairu, kamfanin kuma ya ɗauki wani yaro daga kudu.

A hanyar gida na kasa haƙuri, na tambaye ta ko da gaske ba za a iya ratsawa ba. Ta ce, "Wataƙila za a iya, Mama. Amma ba na ɗaukar mutum a kan wataƙila."

Na tsayar da motar a gefen titi, don idona ya cika da hawaye ba na ganin hanya. Ni da nake yi wa kowa tsawa a garin nan, 'yar da na haifa ta fi ni taurin kai, kuma nata yana da amfani. Yanzu tana taimaka wa masu gyaran jirage a filin, tana dawowa da baƙin mai har gwiwar hannu, tana cin kifi kamar mutum biyu.

In ka buga mata waya ranar Lahadi, kada in ji ka ce mata sannu ko ta yi haƙuri. Barka za ka yi mata, da babbar murya, yadda Oddny za ta jiyo daga gidanta.

Taka har kullum,
Gunvor