Kalma ɗaya a kan dutsen kabarin mijina

Anti Noeline, ki agaza mini kafin in ɓata da ɗana. Mijina Lindsay ya rasu a watan Yuli, mai sassaƙa dutsen kabari yana jiran mu faɗa masa abin da zai rubuta. Ni na ce a sa kalmar Turanci "whimsical". Ɗanmu Dougal, da ke Melbourne, ya ce sai dai bayan ransa. Wai kalmar masu sayar da kofin shayi mai hoton zomo ce, wai so nake duk mai wucewa ya ɗauka ubansa wawa ne. Shi "mai aiki tuƙuru" yake so.

To wa ya ce bai yi aiki ba? Askin tumaki ya yi har bayansa ya ranƙwafa. Amma ai rabin maƙabartar garinmu masu aiki tuƙuru ne. Lindsay kaɗai ne ya mayar da tsohuwar tukunyar gas akwatin wasiƙa mai siffar jimina, yana sa mata hula ranar Lahadi. Shekarar fari, da muka harbe tumakinmu don ba abin ba su, na daina magana da kowa. Wata safiya na fito na tarar ya sa wa turakun shinge tsofaffin rigunana, wai 'yan ta'aziyya ne suka zo, in ɗora musu shayi. Na zage shi tas, sannan na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Ba zan janye ba, ni na zauna da mutumin nan. Sai dai Dougal ya ce in na sa, ba zai kawo mini jikokina da Kirsimeti ba.

Mai Taurin Kai, daga yammacin Victoria

'Yar'uwa, Allah ya ba ki haƙurin rashi. Kalmar nan fuska biyu gare ta. A ofis, tana nufin mai yanke shawara yadda ransa ya raya masa, wanda ba a dogara da shi. Wannan Dougal yake ji. A gida kuwa, mai wasa da tunani ne, mai ƙirƙiro abin dariya ba tare da ya cuci kowa ba. Wannan ne mijinki, kuma kin fi ɗanki gaskiya.

Amma ke da idonki buɗe kika aure shi. Dougal kuwa yaro ne da motar makaranta ke saukewa a gaban jimina mai hula, 'yan ajinsu suna kallo. Ya san labarin turakun nan? Ina shakka. Ki kira shi, ba saƙon waya ba, ki ba shi labarin. Dutse yana ɗaukar layi biyu, ki bar masa na ƙasa.

Kalmarki dai kada ki cire ta saboda barazana. Baƙin cikinsa ne ke magana, barazanar ba za ta kai Disamba ba. Allah ya sanyaya zukatanku, ya cika miki gida da hayaniyar jikoki.