Ramin da aka haƙa a tsakar gidanmu

Zuwa ga Malam, maigidana.

Assalamu alaika. Bayan gaisuwa da addu'a. Na san takardar nan ba za ta je hannunka ba, amma tun shekaranjiya akwai magana a bakina, kuma kai kaɗai ka dace da ita.

Gida lafiya. Sai dai bangon ɗakinmu, wanda kake liƙewa da siminti kowace shekara, bana ya buɗe har ina hango makarantar allo ta Malam Sani daga kan gado. Babban yaronka ya ce ba zan ƙara damina a ciki ba. Ya ce a duba ƙasar, in za ta ɗauki sabon gini a gina, in ba za ta ɗauka ba in kwashe in koma wurinsa unguwar Wemtenga. Ban yi masa musu ba. Amma Malam, ina ni ina barin Zongo? Wa na sani a can?

Ya kawo injiniya, wata yarinya Bamosa mai ladabi. Ta sa aka haƙa rami a tsakar gida, daidai inda muke shanya. Na leƙa, na kasa ɗagowa. Ashe ƙasa hawa-hawa ce? A sama akwai jar tsakuwar da ka riƙa zubawa da hannunka. Ƙarƙashinta toka ce da fasassun tukwane da ƙasusuwa, na mutanen da suka yi girki a nan kafin mu, ba wanda ya san sunansu. Sai baƙar laka. Yarinyar ta murza ta a tafina, ta yi min bayani da Mosanci: da damina takan sha ruwa ta kumbura, da rani ta tsuke, ita ke ɗaga ɗakin tana saukewa. Duk zamanmu a kan abu mai numfashi muke kwana, ba mu sani ba. Subhanallahi.

Ta zuba ruwa a kan lakar, ya kwanta ya ƙi shigewa. Na fara tunanin kayan da zan ɗaure. Ta ce a ci gaba. Da ramin ya kai ƙirjin mai haƙa, diga ta yi ƙara. Marmara ce, ja, a shimfiɗe.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da aka ɗauke ka, mu mata iyakarmu ƙofar gida. Ban ga inda aka sa ka ba, ban taɓa ganin cikin ƙasa ba. Tun daga nan, duk ruwan da ya sauka sai in ce ko yana shiga maka? Ko da sanyi? Na san rai ba ya can, na yi karatu, amma zuciya ba ta jin karatu.

Shi ya sa na ce a sa min tsani. Yaron da ke haƙar ya ji kunya ya juya baya, yarinyar ta riƙe min hannu, na sauka da zanena. Malam, shiru ne a ciki. Ko babura ba a ji. Ga wani ƙamshi mai tsabta kamar na sabuwar randa. Na dafa marmarar, a bushe take, ba zafi ba sanyi. Na san ƙasar maƙabarta daban ce, ban kuma tambaya ba. Amma na yi maka addu'a a nan, na fito da sauƙi a ƙirjina.

Yarinyar ta ce za a gina. A kai tushen har kan marmara, a yanka magudana daga tsakar gida zuwa kanibo, wato babbar kwatar bakin titi, kada ruwa ya ƙara kwana kusa da bango. Na roƙa kada a karkata shi wajen katangar maƙwabta, ko da hanyar za ta yi tsawo. Da ruwa ya ɗauke za a fara. Ina nan Zongo, ba inda za ni.

Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Sai mun zo.

Iyalinka,
Rakiya