Mijina Yana Ƙwanƙwasa Ƙofar Ɗakinmu

Yaya Pi-yun, ki taimake ni, don na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan bai yi min dariya ba.

Mijina ɗan fim ne, irin waɗanda ke miƙa wa jarumi shayi su fice. Sai bara, da furfurarsa, aka ba shi jarumi a wani fim na tsoro: mutumin da ya kama ɗaki a tsohon otal kusa da tashar jiragen ruwa, ya kasa fita. Tun da suka gama, yake yi wa ɗakin kwananmu abin da kowa a nan ƙasarmu ke yi wa ɗakin otal. Ya ƙwanƙwasa, ya kauce gefe don mutanen ɓoye su wuce, ya ce a yi haƙuri, kwana ɗaya zai yi. Silifas ɗinsa ma ɗaya na kallon gado, ɗaya na kallon ƙofa, kada a bi sawunsa. Ni kuwa ina zaune a ciki ina ninke wanki.

Da farko na ɗauka tsokana ce. Wata rana da azahar, ana yayyafin nan na garinmu Keelung da ba ya ƙarewa, na je sinima ni kaɗai in kalli fim ɗin. Yaya, ba a nuna fatalwar ko sau ɗaya ba. Sai dai labule ya motsa, a tarar da fulas da ɗuminsa, matashin kai ya lotsa kamar yanzu aka ɗaga kai. Labulen nawa ne, mai furen lemo, wanda na yi ta nema. Fulas ɗin ma nawa ne. Ina kallon mijina ya kifa fuska a matashina yana kukan da bai taɓa yi a gabana ba. Ban ji tsoro ba, wani barci-barci na ji, kamar ina kwance cikin ruwa mai ɗumi.

Tun ranar nake jin kaina sakayau. In dafa masa kunun shinkafa, ya tarar a tebur yana tururi, ni na riga na koma baranda wajen shanya. Da 'yarmu ta tafi karatu Osaka hirarmu da shi ta ragu, ban ma san ranar da ta ƙare ba. Wani lokaci nakan tsaya gaban madubi don in tabbatar ina nan, ba ni ce fatalwar ba. Kansa ne ya taɓu, ko yana faɗa min ne ya zama baƙo, tafiya zai yi? Ina son mutumin nan, kuma ina tsoron tambayarsa.

Mai Labule, Keelung

Ƙanwata Mai Labule,

Kwantar da hankalinki, fatalwa ba ta ninke wanki, balle ta rubuto wa jarida.

Mijinki yana da laifi. Ya kwashi kayanki bai tambaye ki ba, ya kai kukansa gaban kyamara alhali ga ki a gida. Amma ki lura, da ya nemi abin da zai sa shi hawaye, naki ya ɗauka. Mai shirin tafiya ba ya haka.

Ke ma ban wanke ki ba. Na bi wasiƙarki ina neman inda kika amsa ƙwanƙwasar, ban gani ba. Abinci na tururi, mai dafawa babu, ai ko ni ce sai na juya silifas.

In ba ya barci ko ba ya cin abinci, ku je wurin likita tare. Irin wannan wasan fim yakan biyo mutum gida, kuma ba abin kunya ba ne. Ki faɗa masa kin kalli fim ɗin, ki ce ya dawo miki da labulenki. Kunun nan kuma ki zauna ku sha tare.

A otal ana ƙwanƙwasawa ne da fatan kada kowa ya amsa. Nan kuwa gidanku ne. Gobe in ya ƙwanƙwasa, ki ajiye wankin, ki tashi ki buɗe da hannunki, ki kira shi da sunansa, ki ce ya shigo, kuma ba kwana ɗaya ba.

Ina yi muku fatan alheri, ku biyun.

Yayarki Pi-yun