Waƙar Yaya Ta Fi Ƙarfin Maƙogwarona

Anti, don Allah ki agaza mini, kwana tara suka rage.

Ni mai walda ne, shekaruna arba'in da ɗaya. Yayata ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, yanzu kuma an mayar da mijinta aiki wata ƙasa mai nisa. 'Ya'yanta sun shirya mata walimar bankwana a wani wuri mai karaoke, wato inji ya sa kiɗa, baituka su fito a allo, kai kuma ka riƙe makirufo ka rera. Ban san abin da ya hau kaina ba, na ce a rubuta sunana.

Akwai wata waƙar soyayya mai sanyi da Yaya take rerawa idan tana goge mana kayan makaranta. A bakinta na koye ta, kuma shekara talatin ina rera ta a shago ba wata matsala. Shekaranjiya na nemo ta asali a waya na bi mawaƙiyar. Farko lafiya lau. Da muka kusa ƙarshe sai baiwar Allah ta haye sama ta bar ni a ƙasa, muryata ta fashe kamar ta ɗan zakara. Abokin aikina har ajiye guduma ya yi don dariya.

Abin ya ɗaure mini kai. Murya tana tsufa ne? Ko hayaƙin walda ne ya cinye tawa? Ta yaya mutum yake gane waƙa daidai shi ce? Matata ta ce in zaɓi wata mai sauƙi in huta. Amma ni ban iya yi wa Yaya godiya da baki ba, kunya nake ji, kuma ban san yaushe zan sake ganinta ba. Wannan waƙar kaɗai nake da ita.

Autan Yaya

Malam Auta, kwantar da hankalinka, ban ga alamar muryarka ta lalace ba.

Waƙa irin wannan ba a auna ta daga farko, don a can take lallaɓa mutum. Nemi wurin da ta fi hawa, yawanci amshin ƙarshe ne, ka fara gwaji daga nan. Kashe muryar mawaƙiyar, ka rera kai kaɗai a ɗaki shiru, ba kusa da injin yanka ƙarfe ba, ka ɗauka a waya ka saurara. Idan sai ka ɗaga haɓa, jijiyoyin wuya sun tashi, ko maƙogwaro ya yi zafi, to wurin ya fi ƙarfinka. Ka duba numfashi ma: in ka kai ƙarshen dogon baiti kana haki, da sauran aiki.

Maganar uwargida ba ta faɗi ƙasa ba. Tana gudun kada ka ji kunya a gaban 'yan uwa ne, kuma da gasa za ka shiga, da na bi bayanta.

Amma amsarka tana cikin wasiƙarka. Shekara talatin kana rera ta lami lafiya saboda ba ta mawaƙiyar kake rerawa ba. Yayarka ta riga ta sauko da ita daidai muryarta, kai kuma ka ƙara saukowa da ita daidai taka ba ka sani ba. Ranar da ka bi waya ce ranar farko da ka ɗauki kayan da ba naka ba.

Yawancin injinan karaoke suna da maɓallin sauke kiɗa ƙasa, ba na rage ƙara ba, na rage hawan waƙar. Ka je wurin da rana kafin ranar walima, ka sa mai kula da injin ya sauke mataki ɗaya ɗaya har amshin ƙarshe ya zauna maka. Sannan ka koma farkon waƙar ka tabbatar bai yi ƙasa da yawa har muryarka ta nutse ba, ka rubuta lambar a takarda.

Idan kuma muryar ta yi rawa a ranar, kada ka tsaya. Yayarka ba za ta ji kuskure ba. Za ta ji cewa yaron nan da ke zaune gefen teburin guga a wancan lokacin yana sauraronta ashe.

Allah ya kai ta lafiya, ya sake haɗa fuskokinku.