Kuɗin Talabijin da Muryar Baba

Yaya Fannami,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ciwon ƙafa? Ni ina nan ƙalau. Wankin tsofaffin Turawa bai kashe kowa ba, digirina kuma yana hutawa a akwati.

Ka tambayi abin da ke cinye albashina. A nan duk mai talabijin sai ya biya kuɗin shekara, da shi ake riƙe gidan labaransu. Na daɗe ina ganin asara ce, ina biya ana nuna mini gasar toya burodi.

Jiya na kunna sashensu na Hausa, sai ga muryar Baba daga wani ajin firamare da kuka fake a ciki. Yana gaya wa ɗan jarida cewa kogin Haɗejiya ya fasa jinga, ya cinye shinkafa, ya rushe gidanmu. Kai kuwa ka ce mini ruwa zaure kawai ya taɓa. Ashe kuɗina bai tafi a banza ba. Ya sayo mini abin da kuka hana ni kyauta.

Na san ba a gaya wa na nesa mugun labari. Amma Baba ya ce mun rasa mutum ɗaya, ɗan jaridar bai tambayi suna ba. Na yi waya da kai, na yi da Inna. Wayar autarmu Bintu a kashe take tun Talata.

Kada ka ce mini matsalar layi ce. Ka turo sunan, in san wanda zan yi wa addu'a.

Allah ya ƙara muku haƙuri.

Ƙanwarka,
Yagana